Za a iya yarda da lissafi mai sauƙi wajen bin sawun maganin feshi a iskar Turai?

Tambaya: Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar muhalli. Malamina ya ba ni aiki in fitar da taswirar da za ta nuna yadda maganin ƙwari na lindan ya bazu cikin iskar nahiyar Turai, ya kuma ce in yi da lissafi mai sauƙi a kwamfutata. Anya abin da aka yi da ɗan wannan lissafi zai karɓu, alhali akwai cibiyoyi masu manyan na'urori da ke yin aikin? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malama, zai karɓu, muddin kin san irin tambayar da kike yi wa lissafin. In abin da kike nema shi ne matsakaicin yawan maganin a iska cikin shekara guda, ƙasa bayan ƙasa, wato ina ya fi yawa, ina ya fi ƙaranci, kuma daga ina ya taso, to lissafi mai sauƙi zai kai ki kusa ƙwarai. In kuwa kina son sanin abin da ya sauka a wani gari ranar wata Talata, ko abin da ya tsallaka daga wata gona zuwa ta maƙwabci, wannan lissafin ba zai ba ki ba, kada ma ki matsa masa. Dalilin da ya sa nake da ƙwarin gwiwa a kan na farkon shi ne babban kuskuren irin wannan aiki ba daga iska yake zuwa ba. Yana zuwa ne daga adadin maganin da muka ce ya tashi sama tun farko, kuma babbar na'ura da ƙaramar kwamfutarki duk wannan adadi ɗaya ake ba su.

Malaminki ya zaɓa miki magani mai kyau na koyo. Lindan shi ne sinadarin da ke cikin Gammalin 20, wanda aka daɗe ana fesa wa koko a Ghana da kudancin Najeriya. A Turai an yi amfani da shi wajen kashe ƙwarin ƙasa, da wanke iri kafin shuka, da kare katako, har da maganin kwarkwata da ƙazuwa. Faransa, wadda tana cikin manyan masu amfani da shi, ta daina a gonaki a 1998, Tarayyar Turai ta yanke shawarar janye shi daga noma a 2000, sannan a 2009 aka sa shi cikin jerin Yarjejeniyar Stockholm ta sinadarai masu daɗewa a muhalli. Ke nan yana da tarihi mai farko da ƙarshe, yana daɗewa a iska, an kuma yi shekaru ana auna shi a tashoshi. Ba kowane magani ne ya haɗa waɗannan uku ba.

Ki fara raba hanyoyin da magani ke shiga iska. Akwai ƙananan ɗigo da iska ke kwashewa lokacin da ake feshin. Yawancinsu suna faɗuwa kusa da gona, ba su ne damuwarki ba. Akwai kuma tururin da ke tashi daga ganye da ƙasa bayan mai feshi ya wanke injinsa ya tafi gida, kwana da kwanaki, wani lokaci watanni. Duk wanda ya ratsa ta gefen gonar da aka fesa da hantsi, ya dawo da la'asar ya ji warin na nan, ya shaƙi wannan tururi. Shi ne ke tafiya nesa. Sai ɗan abin da ke liƙe wa ƙura ya bi ta.

Matakin farko ki yi shi a takarda kafin ki kunna kwamfuta. Ki ɗauki Turai a matsayin akwati ɗaya, tsawo kilomita 3,000, faɗi kilomita 3,000. Rufinsa shi ne iyakar inda iskar da ke kusa da ƙasa ke gaurayuwa, wanda da dare yakan sauko zuwa 'yan ɗaruruwan mita, da rana ya haura kilomita ɗaya ko biyu. Ki sa mita 1,000. Ki sa gudun iska mita 3 a sakan, wato kusan kilomita 260 a yini, ta yadda iska za ta ratsa akwatin cikin kwana 11 zuwa 12. Iskar da ke fita ta bangon akwatin a kowane sakan ita ce 3 sau 1,000 sau 3,000,000, wato kubik mita biliyan 9. Yanzu mu ƙaddara, don misali kawai, cewa tan 100 na lindan ne ke tashi a shekara. Shekara tana da sakan kusan miliyan 31 da rabi, ke nan giram 3.2 a sakan. Ki raba 3.2 da biliyan 9, za ki samu kusan pikogiram 350 a kowane kubik mita. Pikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram. Abin da aka riƙa aunawa a tashoshin Turai a shekarun 1990 yakan kama ne daga gommai zuwa ɗaruruwan pikogiram, don haka lissafin minti biyar ya riga ya sa ki a unguwar da amsar take. Ki riƙe wannan lamba. In taswirarki ta ƙarshe ta ba ki miliyan ko ta ba ki sifili da ɗigo, kin san wani wuri kin haɗa giram da kilo, ko yini da sakan.

Akwatin nan kamar randa ce mai yoyo: ana zuba ruwa ta sama, yana tsiyaya ta huda da yawa, kuma tsayin ruwan da ya tsaya a ciki ya dogara ne ga yawan zubi da girman hudojin. Iskar da ke fita da maganin huda ɗaya ce. Sauran su ne lalacewarsa a sama, da ruwan sama da ke wanko shi, da saukarsa a kan ƙasa da ganye da teku ko ba a yi ruwa ba.

Lalacewa a sama aikin wani sinadari ne da ake kira OH, wanda hasken rana ke samarwa daga ozon da danshin iska. Matsakaicinsa kusan ƙwaya miliyan ɗaya ce a kubik santimita, amma yana ƙaruwa da rana da lokacin zafi, yana kusan ɓacewa da dare da lokacin sanyin ƙasashen arewa. Kowane magani yana da wa'adin da rabinsa ke lalacewa. Ki ninka wannan wa'adi da gudun iska, za ki ga nisan da zai yi kafin ya ragu da rabi. Maganin da wa'adinsa awa 3 ne, bai wuce kilomita 32 ba. Mai kwana 2 zai yi kilomita 520, kuma kafin ya ratsa akwatinmu abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Mai kwana 60 kuwa zai fita ta ɗaya gefen da kusan kashi 87 cikin 100 nasa. Lindan yana wajen wannan rukuni na ƙarshe, OH ba ya cin sa da sauri. Abin da ya fi rage shi shi ne ruwa, domin ya fi irin su maganin ƙwari na DDT narkewa a ruwa nesa ba kusa ba, ruwan sama na sauko da shi, teku na shanye shi. Ki haɗa dukkan waɗannan hanyoyin raguwa su zama lamba ɗaya ta saurin ɓacewa. A matakinki wannan ya isa.

Mataki na biyu shi ne fasa akwatin. Ki yanka taswirar Turai gida-gida, kowane gida kilomita 50 ko 100 a kowane gefe, ki ɗauki kowane gida a matsayin maɓuɓɓuga. Tunanin mai sauƙi ne. A yini ɗaya iska tana da alkibla, amma a shekara guda takan juya ta kowane ɓangare, don haka abin da ya tashi daga wuri ɗaya yana bazuwa a kewaye, kuma da'irar tana faɗaɗa gwargwadon nisa. Yawan maganin a wani nisa shi ne abin da ke tashi a sakan, a raba shi da sakamakon kewayen da'irar sau gudun iska sau tsayin rufi, sannan a rage abin da ya ɓace a hanya. Gida mai fitar da tan 10 a shekara zai ba da kusan pikogiram 170 a nisan kilomita 100, kusan 17 a nisan kilomita 1,000, kafin a cire ɓacewa. Sai ki tsaya a kowane gida na taswirar ki tara abin da duk sauran gidajen suka aiko masa. Shi ke nan lissafin. Da manhajar taswira ta QGIS ko 'yan layuka a harshen kwamfuta na Python za ki gama shi, har Excel ma zai iya in gidajen ba su yi yawa ba. Ba ke kaɗai ba ce a wannan hanya: masu bincike a cibiyar binciken Hukumar Tarayyar Turai da ke Ispra a Italiya, cikinsu har da Alberto Pistocchi, sun yi wa lindan irin wannan taswira da sauƙaƙan lissafi, aka kuma buga aikin.

Gyara biyu ne nake ganin sun cancanci wahala. Rufin akwatin ba murfin ƙarfe ba ne. Hadari da hawan iska kan duwatsu suna ɗaga wani kaso zuwa can sama, saboda haka yawan magani a ƙasa yana raguwa da nisa fiye da yadda da'ira kaɗai ta nuna. Ki bar wa nisan wani ɗan ƙarin ƙarfi a lissafin, wato raguwar ta ɗan ƙara sauri, wanda za ki daidaita da awon tashoshi. Na biyu, iskar yamma ce ta fi rinjaye a Turai, abin da ya tashi daga Faransa ya fi zuwa Jamus da Beljiyam a kan Fotugal. Ki samo kason alkiblar iska na shekara ki ba kowane ɓangare nauyinsa. Daga nan ki tsaya da ƙawata iska.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Wannan tan 100 da na ƙaddara, wa ya auna shi? Babu wanda ya taɓa tsayawa a kan gonakin nahiya ya auna abin da ke tashi. Ana gina adadin ne hawa-hawa, kuma kowane hawa yana da nasa raunin. Hawa na farko shi ne yawan abin da aka sayar ko aka yi amfani da shi a kowace ƙasa. Game da lindan, Knut Breivik na cibiyar binciken iska ta Norway, NILU, da abokan aikinsa sun tattara yadda aka yi amfani da shi a Turai daga 1970 zuwa 1996, suka buga a 1999. Ki nemi wannan aiki kafin komai. Game da magungunan yau, hukumar ƙididdiga ta Eurostat tana fitar da alƙaluman ciniki tun 2011, kusan tan 350,000 a shekara a Tarayyar gaba ɗaya cikin shekarun 2010, sai dai yawanci a rukuni-rukuni ake bayarwa, ba magani ɗaya-ɗaya ba. Kuma abin da aka sayar a bana ba lallai a bana aka fesa shi ba, ba kuma lallai a ƙasar da aka saya ba.

Hawa na biyu shi ne raba adadin ƙasa a kan gidajen taswira. Aka saba a ɗauko taswirar amfanin ƙasa ta CORINE, wadda ta faro daga 1990, a raba maganin gwargwadon yawan gonaki a kowane gida. Wannan yana nufin kin ɗauka manomin masara a kudu maso yammacin Faransa da manomin alkama a arewa duk awo ɗaya suka zuba, abin da ba haka yake ba. In kin san amfanin gonar da aka fi yi wa maganin, ki raba da taswirar wannan amfanin, ba da gonaki duka ba. Sannan lindan da aka shafa wa katakon rufin gidaje yana bin yawan jama'a ne, ba yawan gona ba.

Hawa na uku ya fi kowanne santsi: kashi nawa na abin da aka zuba ne ya tashi sama? Gwaje-gwajen gona sun nuna abin na iya zama 'yan kashi kaɗan cikin ɗari, yana kuma iya wuce rabi, ya danganta da maganin, da ko a ganye aka fesa ko a ƙasa aka binne, da zafi, da danshin ƙasa. Maganin da aka wanke iri da shi aka rufe da ƙasa ba ya tashi kamar wanda aka watsa a kan ganye da tsakar rana. To ki duba: yawan magani a iska yana bin wannan adadi kai-tsaye. In kin yi kuskuren ninki uku a nan, taswirarki gaba ɗaya ta yi kuskuren ninki uku, haka ma taswirar babbar na'ura. Kuskuren gudun iska, ko ki sa 3 ko ki sa 5, bai kai ninki biyu ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ɗalibi ya kashe watanni yana gyara lissafin iska, adadin fitarwa kuwa ya ɗauko shi daga tebur ɗaya bai ko tambayi asalinsa ba. Ki ba wannan sashe rabin lokacinki.

Akwai maɓuɓɓuga biyu da alƙaluman ciniki ba za su nuna miki ba. Ɗaya tsofaffin masana'antu da jujinsu. Kowane tan na lindan da aka sarrafa yakan bar tan 6 zuwa 10 na dangoginsa marasa amfani, waɗanda aka jibge a wurare irin su Sabiñánigo a Sifen da Bitterfeld a Jamus. Ɗayar ita ce ƙasa da teku da kansu. Abin da ya sauka ba ya zama a nan har abada. Zafi na dawowa sai ya sake tashi, ya yi gaba, ya sake sauka inda ya fi sanyi. Masana na kiran wannan tsallen fara, kuma Frank Wania da Donald Mackay sun yi bayanin yadda yake tara irin waɗannan sinadarai a yankuna masu sanyi a 1993. Ga sinadarai irin wannan, ƙarin zafi na digiri 10 yakan ninka ƙarfin tururinsu kusan sau uku. Saboda haka shekarar da kika zaɓa tana da muhimmanci. A 1995 gonaki ne ke magana, lissafinki zai yi kyau. A 2010, bayan an hana, abin da ke iska mafi yawansa tsohon ajiya ne ke fitowa, kuma lissafin da ya dogara ga ciniki zai ce miki sifili alhali na'ura na ganin magani. Shawarata ki ɗauki shekara a tsakiyar 1990.

Kada kuma ki ɗauka iskar da ke shigowa Turai fes take. Ɗan'uwan lindan mai suna alfa ya nuna haka a fili: lokacin da China ta daina amfani da gaurayen maganin da ke ɗauke da lindan da alfa a 1983, aka ga yawansa ya faɗi a iskar yankin ƙanƙara na arewacin duniya, ya sake faɗuwa bayan 1990 da Indiya da Tarayyar Sobiyet suka rage. Ki ƙara wata 'yar lamba ta bai-ɗaya a kowane gida, ki ɗauko ta daga tasha mai nisa da gonaki.

Sai gwaji, wanda in babu shi taswirarki zane ce kawai. Ƙarƙashin yarjejeniyar Geneva ta 1979 kan gurɓatar iska mai tsallake iyakoki, da ƙarin da aka yi mata a Aarhus a 1998, shirin sa ido kan iskar Turai mai suna EMEP yana da tashoshin da ke auna waɗannan sinadarai, irin su Košetice a Jamhuriyar Czech, da Birkenes a kudancin Norway, da Zeppelin a tsibiran Svalbard, kuma NILU ce ke ajiye alƙaluman a buɗe ga kowa. Ki lura da yadda aka yi awon. Wasu tashoshi injin ne ke zuƙo ɗaruruwan kubik mita na iska ta cikin abin tacewa da soso. Wasu kuwa ba inji: kwanon ƙarfe biyu ne a kife da juna, da tazara a tsakaninsu, faifan soso a rataye a ciki, a ɗaure a jikin sanda a bar shi wata uku yana shan abin da iska ta kawo, kusan kubik mita 4 a yini, sannan a naɗe soson a kai ɗakin gwaji. Wannan na biyun yana da araha, ya kuma dace da lissafinki don shi ma matsakaici yake bayarwa, amma ƙiyasi ne, kada ki riƙe lambarsa kamar ta injin. Ki jera abin da kika lissafa da abin da aka auna, ki ƙirga tashoshin da bambancinsu da lissafinki bai wuce ninki biyu ba, da waɗanda bai wuce ninki goma ba. In kin yi amfani da wasu tashoshi wajen daidaita lissafin, ki ware wasu dabam da ba ki taɓa ba don gwaji. Kuma ki duba jeri kafin lamba: shin inda kika ce ya fi yawa, nan ne awo ya ce ya fi yawa?

Game da manyan na'urori, ina girmama su, kuma akwai aikin da su kaɗai za su iya. Amma ki san labarin ETEX, wani gwajin bin sawun iska da aka yi a Turai. A watan Oktoba na 1994 aka saki kilo 340 na wata iska marar lahani daga Monterfil a yammacin Faransa, tashoshi 168 a ƙasashe 17 suka bi sawunta. An san adadin, an san wurin, an san awar. Duk da haka hasashen cibiyoyi ya bambanta da juna, kuma a saki na biyu cikin Nuwamba, da yanayi ya rikice, yawancinsu sun yi nisa da abin da aka auna. Bin iska ta yini ɗaya abu ne mai wuya ko ga gwanaye. Sa'arki ita ce matsakaicin shekara yana shafe yawancin wannan rikici.

Inda lissafinki zai gaza, ki faɗa da bakinki a cikin rahoton. Zai gaza a cikin gidan da maganin ke tashi, don nisa ya kusa sifili. Zai gaza a kwarurukan tsaunukan Alps, inda iska ke kwanciya. Ba zai nuna tashin da ake gani a lokacin shuka ba sai kin yi shi wata-wata. Kuma ya fi rauni ga magunguna masu gajeren wa'adi. Maganin ƙwari na klorpirifos misali ne mai tayar da hankali: a lissafi OH yana cinye shi cikin awoyi, amma an same shi a iska da ƙanƙarar yankin Arctic, can ƙarshen arewacin duniya. Matsakaicin OH na shekara ba ya aiki a daren sanyi, kuma 'yan kwanakin iska mai gudu suna iya kai abin da matsakaici ya ce ba zai isa ba. In kina son ganin irin wannan rana, manhajar HYSPLIT ta hukumar NOAA ta Amurka kyauta ce, za ta nuna miki inda iskar wata tasha ta fito kwanaki kafin awo.

In wata rana kika so ki juyo da wannan aiki Afirka ta Yamma, ƙashin lissafin zai tsaya amma lambobin duk sai an canza. Da'ira ba za ta yi ba, domin iskarmu alkibla biyu gare ta: ta arewa maso gabas da hunturu, wadda ke ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodélé a Chadi, da ta kudu maso yamma da damina. Dole ki yi taswira biyu. Rufin gaurayuwa a kan Sahara yakan kai kilomita 4 zuwa 5 da bazara, OH ya fi yawa saboda ƙarfin rana, zafi yana ƙara tashin tururi, ruwan da ke wanko maganin kuma ya taru a 'yan watanni, waɗanda su ne watannin feshi. Tashoshin awo kaɗan ne, yawancinsu na soso ne ƙarƙashin shirin MONET da jami'ar Masaryk ta Brno ta faro a Afirka a 2008, don haka da alƙalumansu za ki fara gwaji.